Fitilar da na kafa miki a tasha

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, garin da nake ci-rani yanzu jirginsu a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Tashoshinsa haske ne fes, ko allura ta faɗi sai ka gan ta. Abokan aikina suna yabawa. Ni kuwa in na shiga, ke nake tunawa, raina ya ɓaci.

Tun ina yaro kike saida tuwo da miyar kuka a tashar garinmu, daga magariba har motocin garin Maijirgi su gama lodi. Fitilar ƙwai ɗaya gare ki. Farin tabon da ya fito miki a hannu kina rufe shi da lalle, a wannan ɗan hasken kowa ƙunshi yake gani. Likita ya ce ba a ɗauka, amma kin san mutanenmu.

Da aka kawo fitilun sola, ina cikin ma'aikatan da suka kafa su. Ni na nace a sa babbar daidai kan rumfarki, don a ga ɗanki ya zama wani abu. Kika ce, "Ɗan nan, kai ta wurin masu shayi, tawa ta ishe ni." Na yi dariya, na ce tsofaffi ba ku son ci gaba.

Ranar da aka kunna, wani fasinja mai zuwa garin Issawane ya kalli hannunki, ya ajiye kwano bai kai loma ba. Kafin kasuwa ta zagayo, zance ya gama tasha wai kuturta ce. Direbobin da suka girma da tuwonki suka koma gaishe ki daga nesa. Har gobe ban yafe musu ba, ni ma ban yafe wa kaina ba.

Kika kwashe tukwane kika koma gida. Har kika bar duniya ba ki ce da ni "ka gani" ba. Da kin zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Bara na je gida. Batirin fitilar ya mutu tuni, ba wanda ya gyara. Wata ce ke tuwo a rumfarki, da ƴar tocila, ana layi.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, ni kuma Ya sa kin yafe mini.

Ɗanki da bai ji maganarki ba,
Issufu