Ranar da Uwarki Ta Tsayar da Guduma

'Yata abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina sarakunan ƙiriniya. Kin tambayi jikin uwarki. Nemi wuri ki zauna tukuna.

Kin san bayan aikin da aka yi mata a maƙogwaro likita ya hana ta magana, ya ce in ta takura muryar za ta iya rasa ta ɗungurungum. To, sai ta ji za a rufe taron cinikin ƙasashe da yarjejeniyar shigo mana da yadin waje ba haraji, masaƙunmu su mutu, ma'aikata su koma gida. Mataimakinta, da ke jagorantar tawagar ƙasarmu a madadinta, ya yi iya yinsa, ba a saurare shi ba. Ta ɗauki jakarta. Na bi ta, muƙamina mai riƙe ruwan ɗumi.

Na tsufa da matar nan ban taɓa ganin ta a bakin aiki ba. Zaure ne makeke, kowa da na'urar fassara a kunne. Ƙa'idarsu, in shugaban taro ya buga guduma ba wanda ya ƙi, magana ta zauna. Mai ja kuwa sai ya tsayar da allon sunan ƙasarsa. Shugaban ya ɗaga gudumar ke nan, uwarki ta tsayar da nata.

Sai ta fara magana. Muryar ba ta fi raɗa ba, amma ko tari babu mai yi. Wani dattijo, wakilin babbar ƙasa, wanda aka ce tun suna matasa suke fafatawa, ya taso da kansa ya matso mata da makirufo. Ta yi bayani dalla-dalla, tana haɗiyar zafi, ta ƙi sakin layi har aka yarda a cire sashen yadin. Ina kallo ina tambayar kaina, ashe wannan ce nake wa mita kan ta ɓatar min da tabarau?

Jiya muka koma asibiti. Muryar ba za ta dawo ba, 'yata. Ni na fashe da kuka a gaban likita, ita ke bubbuga bayana.

In kin kira wayarta za ta ɗauka. Ki yi ta zuba kawai, tana jin ki.

Ki shafa min kan yaran.

Naki har kullum,
Babanki