Shaidun da Na Kai wa Likita

Zuwa ga Ige, uwar ɗiyana.

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah shi sanyaya makwanci. Na san wagga takarda ba ta kai gare ki. Malam Isa mai rubutu, wanda ke riƙe da alƙalamin, ya faɗa mini haka tun bai jiƙa tawada ba, ya ce mamaci addu'a ake yi mishi. Addu'a ina yi miki kullum. Amma addu'a ba wurin faɗa ba ce, ni kuwa faɗa nake son yi. Ko da kina da rai ma, yaushe kinka taɓa jin maganata har ƙarshe?

Labarin gida tukuna. Katangar bayan ɗakinki ta faɗi da ruwan bana. Jar akuyarki ta haifi biyu. Ƙanwarki har yau ba ta maido turmin da ta ara ranar sadakar arba'in ɗinki ba. Kuma ɗanki Auta ya faɗi jarrabawa.

Ɗanki na ce, don ke kinka jawo. Kin tuna ranar da dogarai sunka shigo Ƙofar Kware neman yaran da za a kai makarantar boko? Na tura shi cikin rumbu na rufe. Ke kuwa kinka tsaya tsakar gida kina kallon rumbun nan, har dogari ya bi idonki. Wai tsoro kike kada yaro shi shaƙe. A rumbun da ko rabi bai cika ba?

To ga abin da ya haifar. Yaron da ya tashi gidan ɗori, wanda kakanai ya ɗora ƙafafun mutane ranar da Nasara sunka shigo garinga ina miƙa mishi karan ɗori, shi ne ya zo ya durƙusa gabana wai shina son zuwa makarantar aikin likita can Zazzau. Wai can za a koya mishi ƙashi. Ƙashi! A gidanga mi muke taɓawa tun kaka da kakanni, auduga? Na ce ban yarda ba. Ya ce ke kin yarda tun kina kwance. Kin ga halinki? Kin yanke magana bayan idona, kin tafi kin bar ni da ita.

Ya bar riƙe mini majinyata, ya koma gindin durumi shina ta ƙunƙuni da littafi. Anka zaunar da shi da sauran masu neman makarantar a asibiti, anka ba su takardu. Da sakamako ya dawo, maki bai kai ba. A lissafi da Turanci ya gaza. Wai an tambaye shi in jirgin ƙasa ya tashi daga wani gari da gudu kaza, yaushe zai isa wani gari. Yaron da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba! Kuma karayar mutum ina ruwanta da isar jirgi?

Za ki ce ai sai in yi murna, tunda da ma ba na so. Ni ma na zaci haka. Amma ni in hana ɗana, wannan haƙƙina ne. Wani Bature can da bai san wa ya haife shi ba shi ce bai isa ba? Ga yaro ya bar cin tuwo, ya bar fita ƙofar gida. Ɗan maƙwabcinmu mai sai da zane, wanda ke suma in an yanka kaza, shi an ɗauke shi. Uban har zaure ya zo yi mini jaje, bakinai har kunne.

Sai na yi abin da duk mai hankali zai yi. Gaban alƙali in an musa maka, shaidu kake kawowa. Na nemo Tanko mai haƙar farar ƙasa a Kalambaina, wanda rami ya rufta wa a cinya. Na nemo Mamman, wanda jakinai ya harba a ƙwauri. Waɗanga biyu Auta ya ja ya ɗaure, ni tofi kawai na yi. Na ƙara da Labbo majemi, wanda ni da kaina na ɗora wa hannu lokacin da ɗanki ke fama da jirgin ƙasa, don Bature shi ga irin gidan da yaro ya fito. Na sa babbar riga, na kora su gaba da hantsi, Auta na biye shina roƙona in koma.

Ba a bari munka yi bayani ba. Malamin asibiti ya ga ƙarti sun naɗe wando da hannun riga, ya jera su cikin marasa lafiya. Kafin in gama gaisuwa an ɗura wa Mamman maganin wankin ciki. Har yau ba ya amsa mini sallama.

Da ƙyar tafinta ya gane, ya shigar da mu. Likitan wani dogon Bature ne, mai gashi har bayan hannu. Bai yi dariya ba, wannan kam na ba shi. Ya durƙusa ya lalubi cinyar Tanko, ya sa shi tafiya, ya sa shi tsugunno. Ya lalubi ƙwaurin Mamman. Ya gyaɗa kai. Na dubi Auta na gyara zaman rawani. Sai ya kama hannun Labbo. Ya daɗe, Ige. Ya ce shi juya tafi sama, hannu ya ƙi juyawa. Ya haɗa shi da ɗaya hannun, sai ga shi a karkace. Ni na ɗaure shi, ni na kwance shi, ni na sallame shi, ban gani ba. Labbo kuma kunya ta hana shi faɗi, ashe tun sannan da hagu yake jima.

Likita ya ce biyu sun yi kyau, amma wanda ya yi na ukun ba a ba shi amanar mutane. Ya tambayi Auta ko shi ne. Kin san abin da ɗanki ya yi? Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. A gabana! Wa ya roƙe shi? Wa ya ce mishi ina neman mai rufa mini asiri? Halinki ne sak, ku yi wa mutum alheri ku bar shi da haushi.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, kuma Malam Isa ya rantse ba ya kai shi kasuwa. Hannuwana sun fara rawa tun kafin ki kwanta. Yatsuna ba su jin bakin ƙashi kamar da. Kin sha tambayata don mi na bar shan fura cikin mutane, na ce kumburin ciki. Ludayi ne ke zuba. Ko kin sani kinka yi shiru? Na fi zaton kin sani.

Kin san al'adar gidanga. Ranar da uba ya tofa wa ɗa a tafi ya sakar mishi gado, daga ranar uban ba ya ƙara taɓa karaya. Na riƙe tofin nan, ina ta cewa yaro bai yi hankali ba. In na saki ya tafi Zazzau, Ƙofar Kware ba maɗori. In na riƙe, ga hannun Labbo.

Duk wannan ya zo mini ina tsaye gaban likita. Ban taɓa roƙon Nasara ba, ba kuwa da furfura zan fara ba. Sai na zaro hannuwana daga cikin riga inda nake ɓoye su, na miƙa mishi a buɗe, suna ta rawa. Likita ne ai. Ya dube su, ya dubi Labbo, ya dubi Auta. Tafinta bai sami abin fassarawa ba.

Kina zaton sun ɗauke shi? Ina! Wai maki maki ne. Abin da likita ya yarda kawai, Auta shi zauna asibiti shina wankin gyambo, akawu na koya mishi lissafi da la'asar, baɗi shi sake zama jarrabawa, shi kuwa zai rubuta wa na Zazzau abin da ya gani a cinyar Tanko. In ya sake faɗuwa, shi ke nan. Na tona kaina gaban Bature da tsufana, abin da na samo wa ɗana wankin gyambo! Labbo kuma da ya ji za a iya sake karya hannun a gyara, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Ran Juma'a munka je Hubbare ziyara, daga nan munka biya kabarinki. A kanki na kama hannun Auta na dama, na karanta abin da ubana ya karanta mini, na tofa. Ya fashe da kuka, na ce shi bari, mutane na kallo. Kin ji mu?

Jiya anka kawo wani magini ya faɗo daga kan soro. Kara na nan jingine a zaure, man shanu na nan cikin ƙoƙo. Mutum na nishi, 'yan'uwa na kallona. Na danne hannuwana ƙarƙashin cinya, na ce su kai shi asibiti su tambayi mai wankin gyambo.

Kada ki ɗauka na ce kin yi daidai ranar rumbu. Ban ce ba. In mun haɗu za mu ƙarasa wannan magana. Amma tunda ke kinka jawo, in akwai yadda za ki yi daga can, ki sa baki Allah shi buɗe wa yaronga kai kan lissafin jirgin ƙasa. Malam Isa ya ce wannan ba magana ba ce. Na ce shi rubuta.

Allah shi jiƙan ki, Ige, shi haɗa mu da alheri. Turmin da kaina zan je in karɓo.

Mijinki,
Buba na Ƙofar Kware, wanda da ake ce wa Maɗori.