Dajin da Kuka Duba Daga Bakin Titi

Zuwa ga Shugaban tawagar da ta zo duba gandun dajinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun koma gida lafiya, kuma takalmanku ba su yi datti ba.

Sunana Talatu, mai daddawa ce ni a wani ƙauye na yankin Saulawa. Ina cikin kwamitin da aka kafa lokacin da aka ce mu maƙwabtan gandun mu riƙa kula da shi, a bar mu mu tsinci ɗorawa da kaɗanya da busasshen itace. Mun riƙe alkawari. Kowace kaka mu ke share hanyar tare gobara da fartanyoyinmu. Sai ga shi an karanta mana rahotonku a taro, wai dajin yana farfaɗowa.

Na farko, a bakin titi kuka tsaya, inda aka jera dashen itacen turare. Kuka auna tsayinsu, kuka sha lemo. Na roƙa ku shigo ciki, direbanka ya ce hanyar ba ta mota ba ce. Motocin gawayi dai suna bin ta cike maƙil, ba su taɓa kokawa ba.

Na biyu, da kun shigo ciki, da kun ga kututturai. Itatuwan ɗorawar da na taso ina roro a gindinsu tare da mahaifiyata, masu injin yankan itace sun kwantar da su. Da muka tare su, takarda mai hatimi suka nuna mana suna dariya. Ni kuwa da aka gan ni da damin ƙirare, gatarina aka ƙwace. Bana sai da na je kasuwar Makarfi na sayo kalwa, ni da nake sayar wa wasu.

Na uku, kun miƙo min dashe kun ce in yi murmushi. Yau hoton nan ne a allon ƙofar gandun, ina washe baki, motocin gawayi na wucewa ta gabana.

Roƙona, ka dawo da ƙafa, ni zan yi maka jagora. Ka binciki mai buga hatimin nan. In duk sun yi maka nauyi, a cire fuskata daga allon, a sa taka.

Allah ya ƙara maka lafiyar ƙafa da ta ido.

Wassalam.
Talatu Mai Daddawa