Hoton Tela a Cikin Ruwa

Litinin, 3 ga Maris

Auta, 'yata, ta miƙo mini wayarta ina karyawa. Hoton telan nan ne da ya ɗora keken ɗinkinsa a ka yana ratsa ruwa har ƙirji, shekarar ambaliya. Aikin shagonmu na hoto ne. An zuba masa launi, rigar ta koma shuɗiya. Fara ce rigar, da idona na gan ta. An kuma yanke gindin hoton, inda hatimina yake. Wai wata ce ta sa shi a shafinta na intanet, mutum dubu arba'in sun gani sun yaba. Na ce to. Na ƙarasa shayina.

Talata, 4 ga Maris

Na zaci zan ji zafi. Shiru. Shekara talatin da ɗaya ina wanke hoto a ɗakin duhu, ruwan magani ya cinye mini farce, ƙarshe wata da ban taɓa gani ba ta sa yatsa ta share ni. Haka mai haya ya yi da allon shagon ranar da na tashi. Haka kowa.

Alhamis, 6 ga Maris

Mijin Auta ya zo da dogon bayaninsa. Wai haƙƙin mallaka. Wai hoto na wanda ya ɗauka ne ko ya zaga duniya, ana iya ɗan aronsa don koyarwa ko sharhi, amma a sake masa kama a cire suna, wannan daban. Na ce ban shiga aji ba, amma na san in ka kama akuyar wani ka shafa mata fenti ba ta zama taka ba. Ya yi dariyar da ta fi maganar.

Juma'a, 7 ga Maris

Auta za ta rubuta wa mai shafin. Na ce ta fara da ɓarauniya. Ta ce, "Baba, ba a sallama da mari."

Lahadi, 9 ga Maris

Amsa ta zo. Malamar makaranta ce ashe. Ta ba da haƙuri, wai a yanke ta tsince shi a wani shafin, launin kuwa ita ta sa don yara su tsaya su duba. In na so ta sauke, in na so ta mayar da shi cikakke. Abu ɗaya take nema: sunan wanda ya ɗauka, don ta rubuta a ƙasa.

Auta har ta fara dannawa. Na ce ta dakata sai na nemo asalin fim ɗin. Ta ce me za a yi da shi. Na tashi na bar mata wurin.

Laraba, 12 ga Maris

Akwatin ƙarƙashin gado. Yana nan cikin takardarsa. Na ɗaga shi a taga, telan ya fito baƙi, ruwan fari.

Ba mai karanta littafin nan, bari in rubuta. Ranar da aka ɗauki hoton, lema na riƙe. Dogo, ƙanena, shi ya hau katanga da kyamarar. Na ce ya sauko kada ya ɓata mini fim a kan mahaukaci. Ya ce, "Yaya, matso da lemar," ya danna. Shi ke nan.

Shagon nawa, kyamarar tawa, fim ɗin nawa. Duk abin da ya fito daga ɗakin duhun hatimina yake sha, ba na tambayar yatsan wa. Da wata jarida ta buga shi da sunana, ya same ni ina shanya hotuna, ya ce ko a bayan hoton ne in sa sunansa. Na ce mai cin abinci a gidana ba ya jera suna da ni. Bai ƙara wata uku ba ya kwashe kayansa. Shekara sha tara ke nan ba ma haɗuwa sai wurin gaisuwar mutuwa, nan ma hannu kawai.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tambayi mijin Auta, in kyamara ta wani ce, yatsa na wani fa? Ya ce ya danganta, in ɗaukarsa aiki aka yi da yarjejeniya, mallakar tana iya zama ta shago, amma wanda ya ɗauka dai shi ya ɗauka. Ya tsaya kallona. Na ce wani nake tambaya wa.

Wace yarjejeniya? Ƙanena ne.

Asabar, 15 ga Maris

Ban fita ba. Gwiwa.

Litinin, 17 ga Maris

Auta ta ce kwana takwas malamar tana jira, abin kunya ne. Na ce ta rubuta sunan baffanta. Ta ɗago. Na ce abin da ta ji shi na faɗa, kuma a mayar da rigar fara, tela bai taɓa sa shuɗi ba.

An ce idon Dogo ya yi rauni, sai an karanta masa. Ta ce ko ta je ta nuna masa. Na ce ƙafarta ce. Na ba ta fim ɗin ta tafi da shi, ya cika mini akwati.

Ta kai ƙofa ta juyo. "Baba, me zan ce ka ce?"

"Ki ce hoton ya ɗan karkata hagu. Tun ranar nake son gaya masa."

Bayan ta tafi na fito da kujera ta biyu ƙofar gida. Don ta sha iska ne.