Kayan Ɗaga Mota da Gwiwar Inna

Yaya,

Na fita kana barci, sai yamma zan dawo. Kayan ɗaga a-kori-kurarmu, na ƙara mata tsayi, suna cikin kwali a bayan ƙofar falo. Kada ranka ya ɓaci in ka buɗe, na inci biyu na sayo, ba na inci huɗun da ka ce ba.

Jiya da na ɗauko Inna daga asibiti muka biya ta shagon da ake sayar da kayan. Mai shagon yana da irin motarmu da ya ɗaga inci huɗu, ya ce mu hau mu ji. Inna ta kama ƙofa, ta ɗora ƙafa, gwiwar nan ta ƙi. Sai ta yi dariya ta ce, "Ku je ku zago, ni dama inuwar nan nake so." Amma na ga yadda ta dafe gwiwar.

Bakanike ya ce inci biyu ya isa ƙasan motar ya daina gogar duwatsun hanyar gona. Ka kai masa kafin azahar.

In Inna ta tambaya, ka ce arha na bi. Ta riga ta yi min faɗan maƙo, ka bar ta a haka.

Auta