Jan Ƙyalle a Bayan Shinge

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yawon samanka.

Yayanka ya hana a ɗaga wayarka a gidan nan, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Auta, me ka yi? An ɗauke shi daga filin jirgi an mai da shi sito, yana gadin tayoyi. Ya ce ƙanen da ya goya, ya kai makarantar tuƙin jirgi, shi ne ya kai ƙararsa. Tun kafin in aure shi yake tsayawa ƙarƙashin hancin jirgi da waya a kunne yana sallamar matuƙa, kai kanka ka sani duk duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar ranar da ya fara sallamar ka. Yanzu abinci ma sai na yi da gaske yake taɓawa, ga hawan jininsa ya motsa.

Ka ba ni amsa, kuma ban da dogon Turancin nan naka.

Matar yayanka.

Zuwa ga Anti,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ina gaishe ku da kyau.

Ni ne na kai maganar, ba zan ɓoye ba. Amma bari ki ji yadda aikin yake. Idan ina kan kujerar tuƙi ba na ganin abin da ke ƙarƙashina. Mutumin da ya sa wayarsa a jikin jirgi shi ne idona: in faɗa, ya maimaita, sannan a motsa. Idan mota ta gama tura mu baya, sai ya zare wani ɗan ƙarfe mai jan ƙyalle daga ƙafar jirgin ta gaba, ya koma can hagu ya ɗaga min shi. Sai na ga ƙyallen nan nake sakin birki.

Ranar nan injin hagu ya yi gardama, sai muka canja tsari. Na ce, “Yaya, yau da na dama zan fara.” Ya ce, “Na ji, Kyaftin.” Sannan ya taka ya nufi bakin injin dama yana duba taya, hankalinsa kwance. Direban motar turi ne ya diro ya finciko rigarsa.

Anti, Yaya ba ya ji. Ya haddace maganarmu ne, yana ba da amsa a inda ya saba. Na same shi mu biyu na roƙe shi ya je a duba kunnensa, ya ce yaushe aka haife ni. Na yi kuka kafin in shiga ofishin nan. Amma gara ya daina kula ni yana raye, da a ce hannuna ne ya kunna injin da ya ɗauke shi.

Ki gaishe shi, ko da ba zai amsa ba.

Autanku.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da na daɗe ban rubuto ba, muna ta zaryar asibiti.

Da na karanta takardarka sai na gane. Ashe shi ya sa rediyonsa ke tashin maƙwabta, in na yi magana kuma sai ya ƙura wa bakina ido, ni ga sakarya ina cewa soyayya ce ta dawo. Na miƙa masa takardar. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya ce, “Yaron nan har yanzu rubutunsa kamar tafiyar kaza.”

Ya ajiye aikin gaba ɗaya. Abokansa sun ba shi tsohon ƙarfen nan mai jan ƙyalle ya riƙe na tunawa, ya rataye shi a bayan ƙofa. In inuwar jirgi ta gifta tsakar gida yakan ɗaga kai, amma sunanka bai fito daga bakinsa ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Ina jin tsoro, Auta.

Antinka.

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na zo gida sau da yawa, an ce kana barci, alhali ina hango ƙafarka ta labule. An tura ni aiki wata ƙasa mai nisa, ranar Laraba da hantsi zan tashi da jirgin. Ban taɓa yin doguwar tafiya ba tare da sallamarka ba. Ba na neman ka ce na yi daidai. Ka sallame ni kawai.

Ƙanenka.

Auta,

In an gama tura ka, duba hagu, bayan shinge, wajen tankin ruwa. In ka ga ƙyalle, saki birki.

Yayanka.

Anti,

Na sauka lafiya, ina gaishe ku. Na duba hagu, na gani! Rana ta haske min ido, hawaye kuma ya ƙarasa, sai jan ƙyallen kawai nake iya rarrabewa. Ya daɗe a sama har na juya hanci. Ki ce masa ciwon nan ya rage masa tsawo, amma hannun yana nan yadda na san shi. Ki sa ya bar ni in kira, ko fuskarsa in gani.

Autanku.

Auta,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta.

Ni ce ka gani a bayan shinge. Allah ya karɓi yayanka ranar Talata da yamma. Tun da safiyar ranar ya sa na ciro ƙarfen, ya koya min yadda ake ɗagawa, har yana min faɗa wai na lanƙwasa gwiwar hannu. Ya ce kada in sauke sai ka juya, kuma kada kowa ya gaya maka komai sai tayarka ta taɓa ƙasa, don ba a sallamar matuƙi da damuwa a ransa.

Ya ce in gaya maka ka yi daidai. Ƙarfen yana nan na ajiye maka.

Allah ya ba mu haƙuri.

Antinka.