Maɓallan Kaka Odile

Vermont,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da iyalinka. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Marisol da yaran, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Na ji daɗi da ka ce gwiwarka ta daina kumburi tun da ka koma Arizona, ko da yake har yanzu ban gane yadda mutum zai zauna a garin da ba a ganin ganye ya faɗi ba. Mu nan lafiya lau. Mun gama tara itacen hunturu, dankali ya yi kyau bana, tuffa kuwa har mun rasa inda za mu kai ta. Maigidana Clement yana nan garau, in ka cire kunnensa na hagu da yake jin abin da ya ga dama.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne kufan gidan Kaka Odile. Ka san tun da Clement ya bar aikin gidan waya ya sayi na'urar nan mai gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Shekara biyu ke nan yana bin kufai yana kaɗa ta kamar mai shara, kunnuwa a toshe da abin sauraronta, da ta yi ƙara sai ya durƙusa ya hau tono. Abin da yake kawo mini gida yawanci ƙusoshi ne da marfin kwalba, jefi-jefi tsohon kwabo ko maɓalli. Da farko dariya nake masa, yanzu kuwa ni ce mai riƙe masa jaka, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin ya shiga raina. Masu wannan sha'awa suna da ƙa'ida. Ba ka shiga filin mutum sai ka ƙwanƙwasa ƙofa ka nemi izini, in ka yi tono ka mayar da ƙasa da ciyawarta yadda ka same ta, duk abin da ka samu kuma sai ka baje shi gaban mai filin ya fara zaɓa.

Kufan namu, kamar yadda ka sani, yana cikin gonar Gwaggo Hazel Prouty, tun da Baba ya sayar wa mijinta da tudun bayan gobarar da ta cinye gidan. Baba bai sake bin hanyar nan ba har ya rasu, ni ma haka na taso ina kawar da kai in zan wuce. To, da bazara na ji a coci cewa Gwaggo Hazel za ta koma wurin 'yarta, za a kuma yanka gonar a yi gidaje da zarar ƙanƙarar baɗi ta narke. Na ce in ban taka wurin nan bana ba, shi ke nan. Na gasa kek ɗin tuffa na ɗauka na je. Shekararta tamanin da shida, amma bakinta bai tsufa ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe mu 'yan gidan Gagnon mun san hanyar gidanta, ita da ta ɗauka sai a jana'izarta za ta gan mu. Ta karɓi kek ɗin, ta ce mu shiga kufan, amma sai an yanke ciyawar shanu da ta rufe wurin, kafin nan in Clement yana so ya gwada abin wasansa a ƙofar gidanta.

Nan ne mutumin naka ya yi mana aika-aika. Watan Agusta aka yi fari, kusan kwana arba'in ba ɗigon ruwa. Kowane mai na'ura ya san ba a tona ciyawar ƙofar gida da fari, domin saiwar da ka yanka ba za ta sake kamawa ba. Shi ma ya sani, shi ne ma yake koya wa wasu. Amma da na'urar ta fara kuka a gindin bishiyar gidan, sai ilimin ya gudu. Rami goma sha ɗaya ya tona, ya mayar da kowanne tsaf, ya dawo yana washe baki da kwabo biyu da cokali. Bayan mako biyu ciyawar da marigayi mijinta ya shekara hamsin yana lallaɓawa ta fito da tabo goma sha ɗaya, jajaye, kowanne kamar faifai. Da muka je muka tarar an ɗaure ƙyauren gona da sarƙa da kwaɗo. Ta leƙo ta taga ta ce mu juya, wai gafiya ma in ta yi ɓarna ba ta dawowa da rana tsaka tana gaisuwa.

Wendell, na yi fushi irin wanda na daɗe ban yi ba. Kwana uku ban kula shi ba, kuma wake na yi ta dafa masa safe da yamma, ka san ba ya so. A rana ta huɗu ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya loda bokitai da irin ciyawa a bayan mota ya tafi. Bai ƙwanƙwasa ba, bai roƙi komai ba, ya dai durƙusa ya kankare tabon ɗaya bayan ɗaya, ya zuba sabuwar ƙasa, ya yafa iri, ya ba su ruwa. Haka ya yi ta yi kowace safiya har mako biyar. Ita kuma sai ta fito da kujera baranda ta zauna da kofin shayinta tana ba shi umarni. Wai ya yi wa na bakwai rowar ruwa, wai da haka yake raba wasiƙu shi ya sa katin Kirsimetinta yake isowa a Ista. Shi kuwa sai ya juya mata kunnen hagu ya ce to, Gwaggo. A mako na uku ta fara ajiye masa kofi na biyu a kan matakala, ba tare da ta ce nasa ne ba.

Ranar Asabar ta biyu a Oktoba ta kira ni a waya ta ce in zo in ɗauki makullin ƙyauren kafin ta canza ra'ayi. Muka hau tudun da hantsi. Gidan ya fi ƙanƙanta a kan yadda nake tunawa, ramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne kawai da duwatsunsa, bishiyoyi biyu sun fito a tsakiyarsa. Amma dutsen bakin ƙofa yana nan inda yake. Na zauna a kansa na yi kukana, Clement ya yi kamar yana gyara na'ura. Mun wuni muna tono, ƙusa bayan ƙusa, da ƙarfen murhu, da wani babban kwabo na jan ƙarfe da ya girmi Kaka. Can wajen la'asar, a kusurwar da ɗakin ɗinkinta yake, na'urar ta yi wata irin ƙara. Clement ya miƙo mini wuƙar tonon ya ce in tona wannan da kaina. Na ɗaga wani ruɓaɓɓen marfin gwangwani, sai ga maɓallai a dunƙule cikin ƙasa. Gwangwanin maɓallan Kaka ne, wanda take juye mana a ƙasa mu yi ta warewa in ana ruwa. Kai shekararka huɗu lokacin gobarar, ban sani ba ko kana tunawa. Na roba da na ƙashi duk wuta ta cinye, na tagulla ne suka tsira, guda tara.

A hanyar saukowa shaiɗan ya zo mini. Na ce wa Clement in na zuba su a aljihu wa zai sani? Ya ce shi zai sani, kuma gwiwoyinsa ba za su iya wani mako biyar ɗin ba. Haka muka baje komai a kan teburin kicin ɗinta, ko da yake in ta ce duka take so ba mu da ta cewa. Ta sa tabarau, ta ture kwabon gefe ta ce ba za ta ci shi ba. Ta daɗe tana juya maɓallan da yatsa, sannan ta ɗauki ɗaya mai hoton ganye. Ta ce Kaka ce ta ɗinka mata rigar sanyin da ta sa ranar aurenta, da irin wannan maɓalli guda biyar, na shidan kuma Kaka ta ajiye ta ce in ɗaya ya ɓace ta zo ta karɓa. Wai ɗayan ya ɓace tun kafin a haifi 'yarta, kunya ta hana ta zuwa, sai kuma ga gobara. Ta jefa shi a aljihun rigarta ta ce ta zo karɓa. Sauran takwas ta turo mini, ta ce in aika wa ɗan banzan ƙanen nan nawa da ɗaya, mai satar mata tuffa.

To ga shi nan a cikin ambulan, na naɗe shi a ƙyalle. Makullin yana hannuna har ƙasa ta daskare, wato mako uku ko huɗu in Allah ya yarda. Zumunta a ƙafa take, Wendell. In gwiwar za ta iya hawan tudu, ka zo ka ga wurin kafin motocin gini su shiga, ɗakinka yana nan a gyare.

Ka gaishe mini da Marisol, ka ce mata barkonon da ta aiko ya kusa kashe Clement amma bai daina ci ba. Ka gaishe da Tobias da Noreen da jaririyarta. Clement yana gaishe ka, Gwaggo Hazel ma ta ce a gaishe ka, ko da yake ba da waɗannan kalmomin ta faɗa ba. Na san halinka da goge-goge, don haka ina roƙonka kada ka wanke maɓallin nan, kada ka sa masa mai. Ƙasar da ke jikinsa ta gidanmu ce.

Taka har kullum,
Yayarka Arlene.